Agogo ko ludayi: wace hanya ce ta fi rage ƙiba?

Duk wanda likita ya ce wa ya rage ƙiba, ko kuma gwiwoyinsa suka riga likitan faɗa masa, hanya biyu ake nuna masa a 'yan shekarun nan. Ta farko tsohuwa ce: ka ci sau uku kamar yadda ka saba, amma ka rage yawan abin da kake ci a kowace rana, kana lissafin kalorin da ke shiga cikinka, wato ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki. Ta biyu ita ake yayi: ka bar lissafi, ka sa ido kan agogo ko kalanda. Wasu su yi awa 16 ba su ci komai ba, su tattara cinsu a cikin awa 8. Wasu su ware kwana biyu a mako su ci ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Wasu kuma yau ci, gobe haƙuri. Masu tallata wannan ta biyun a TikTok da Facebook suna magana kamar sun tono wani sirri da likitoci suka binne, wai yunwar awa 16 tana kunna wani abu a jiki da ke narkar da kitse ko da mutum bai rage ko loma ɗaya ba.

Ni ina bayan agogo ga mafi yawan mutanenmu. Amma dalilina ya sha bamban da na masu tallan, kuma ina ganin dalilin nasu ne ke sa mutane da yawa su wahalar da kansu wata uku su tashi a tutar babu.

Yayin nan bai daɗe ba. A 2012 wani likita ɗan jarida a Birtaniya, Michael Mosley, ya yi shiri a talbijin na BBC kan azumi da lafiya, daga nan tsarin kwana biyar ci, kwana biyu ƙuntatawa ya bazu, inda mace ke tsayawa a kalori 500 namiji 600 a ranakun ƙuntatawar. A wannan shekarar ce kuma masu bincike a Cibiyar Salk da ke Kalifoniya suka nuna cewa ɓerayen da aka ba abinci mai maiƙo a cikin awa 8 kacal ba su yi ƙibar da 'yan'uwansu masu ci dare da rana suka yi ba. Da aka ba Yoshinori Ohsumi na Japan kyautar Nobel a 2016 saboda aikinsa kan yadda ƙwayar halitta ke cinye tarkacen da ke cikinta, sai masu tallan suka samu abin kafa hujja. Abin da ba sa faɗa shi ne mutumin a kan yis ya yi aikinsa, irin wanda ake kumbura burodi da shi, ba a kan tumbin magidanta ba.

Da aka zo kan mutane, labarin ya sauya. A birnin Guangzhou na ƙasar Sin an ɗauki mutum 139 masu ƙiba, aka rage wa kowa abinci daidai wa daida: maza kalori 1,500 zuwa 1,800 a rana, mata 1,200 zuwa 1,500. Rabi aka ce su ci tsakanin ƙarfe 8 na safe da 4 na yamma kawai, rabi su ci lokacin da suka ga dama. Bayan shekara guda, masu bin agogo sun sauke kilo 8.0, sauran kilo 6.3, kuma masu binciken da kansu suka ce tazarar ba ta kai a jingina ta ga agogon ba. An buga wannan a mujallar likitanci ta New England Journal of Medicine a 2022. Wanda ya fi shi tsauri shi ne na Jami'ar Johns Hopkins a 2024, domin a can ba a bar wa kowa zaɓi ba. Mutum 41 ne, masu binciken ne ke dafa musu abinci su auna su ba su, kalori iri ɗaya, bambancin kawai lokacin ci. Bayan mako 12, masu ci cikin awa 10 sun rage kilo 2.3, masu ci har dare kilo 2.6. Idan da akwai wani sirri a cikin awannin yunwar, a nan ya kamata ya fito fili, kuma bai fito ba.

Akwai wani likitan zuciya a San Francisco, Ethan Weiss, wanda shi kansa ya yi shekaru yana tsallake karin kumallo kuma yana ba marasa lafiyarsa shawarar haka. Ya jagoranci gwaji a kan mutum 116 a 2020, aka ce wa rabi su ci daga ƙarfe 12 na rana zuwa 8 na dare ba tare da wani lissafi ba. A mako 12 abin da suka rage bai cika kilo ɗaya ba, kusan daidai da waɗanda ke cin sau uku. Mutumin ya ga sakamakon aikinsa ya koma karyawa da safe. Ina girmama irin wannan.

To me ya sa har yanzu nake bayan agogo? Saboda duk gwaje-gwajen nan abu ɗaya suke nunawa: ƙiba tana sauka ne gwargwadon abin da ya ragu a cikin abincin mako gaba ɗaya, ko ta wace ƙofa aka bi. Idan haka ne, tambayar da ta rage ta gida ce, ba ta ɗakin gwaji ba. Wace hanya ce mutum zai iya riƙewa shekara guda a gidan da yake zaune, da irin abincin da ake kawo masa, da mutanen da yake ci tare da su?

A nan ne lissafin kalori ke shan kashi a hannun Bahaushe. An tsara shi ne don wanda ke sayen abinci a kwali mai rubutu a baya, ko ya dafa wa kansa shi kaɗai da ɗan sikeli a gefen murhu. Ka je ƙofar gidan da maza ke ciyayya bayan sallar isha'i: kwano ya fito daga gidan Malam, wani daga gidan Alhaji, wani daga gidan maƙwabci, a buɗe wannan a gama a jawo wancan. Wa zai ce maka loma nawa ya yi, balle kalori nawa? Malmalar tuwon gidan nan ta ninka ta gidan can. Miyar taushe ɗaya ce a suna, amma wata an kwarara mata man shanu, wata da gyaɗa kawai aka haɗa. Mai waina tana ɗiga mai a kowane gurbin tanda, ba ta auna ba, kai ma ba ka gani ba. Uwargida kuwa nata cin ba ya ma shiga lissafi: ta ɗanɗana gishiri, ta ɗanɗana nama ko ya yi laushi, yaro ya bar rabin taliya ta ce ba za a zubar ba, ta kankare ƙanzon tukunya. Da yamma ka tambaye ta, ta rantse tun safe ba ta zauna ta ci abinci ba, kuma gaskiya ta faɗa, a tsaye ta ci.

Ko Turawan da ke da rubutu a bayan kwali an sha gano cewa abin da suke cewa sun ci ya gaza abin da suka ci nesa ba kusa ba. Ina ga mu? Cokalin cin abinci guda na man gyaɗa ko manja yana ɗauke da kalori kusan 120. Mai sayar da garau-garau ta zuba maka uku ka ce ta ƙara, ka riga ka haura 400 kafin a zo kan shinkafar da waken. Wanda ke rubuta abincinsa a waya zai rubuta "shinkafa da wake, faranti ɗaya", man ya wuce ba a gan shi ba.

Agogo ba ya buƙatar duk wannan. Dokarsa ɗaya ce kuma ba ta da kwana-kwana: lokaci ya yi ko bai yi ba. Wanda bai yi boko ba zai iya binta, wanda ke ci a tire ɗaya da mutum biyar zai iya. A Shikago, ƙungiyar masu bincike ta Krista Varady ta gwada wannan a 2023 a kan mutum 90: wasu suka ci daga ƙarfe 12 na rana zuwa 8 na dare ba lissafi, wasu suka yi ta lissafin kalori kullum, kuma a ƙarshen shekara sakamakonsu ya zo kusa da juna, kilo huɗu zuwa biyar. Wato wanda bai ɗauki biro ba ya isa inda mai biro ya isa. A Jami'ar Kolorado kuma, a gwajin da aka buga a 2025 kan mutum 165, masu ƙuntata cinsu sosai kwana uku a mako sun rage kashi 7.6 cikin ɗari na nauyinsu a shekara, masu ragewa kullum kashi 5. An tsara wa ɓangarorin biyu ragi iri ɗaya a mako, amma masu kwana ukun sun fi riƙe alƙawari, don haka abin da suka ci a zahiri ya fi ƙanƙanta. Da sauƙin fahimta: mutum zai iya daure wa yau idan ya san gobe zai ci ya ƙoshi, amma a ce masa kullum ta Allah ya tashi daga gaban kwano da sauran marmari, wannan sai mai ƙarfin hali.

Sai dai mu muna da hujjar da ta fi ta kowace jami'a kusa da mu kan cewa yunwar rana kaɗai ba ta wadatar. Kowace shekara muna yin wata guda muna kame baki awa 13 zuwa 14. Da a ce awannin ne ke aiki, da ranar ƙaramar sallah kowa sai an rage masa wando. Binciken da aka tattara daga ƙasashen Musulmi da dama ya nuna abin da ake ragewa a watan Ramadan bai fi kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba a tsakaice, kuma mafi yawansa yana dawowa cikin 'yan makonni bayan sallah. Dalilin yana kan tabarmar buɗa-baki. A fara da dabino, a bi da kunun gyaɗa ko na tsamiya da aka cika wa sukari, ga ƙosai, ga soyayyen dankali da ƙwai, ga zoɓo mai sanyi kofi biyu. A yi magariba a dawo a ɗan taɓa. Bayan asham a zauna wa tuwo ko shinkafa. Kafin asuba a tashi sahur a cika ciki don tsoron rana. Abincin yini guda da rabi ke nan a cikin awa goma. Ibada ta yi, lada na wurin Allah, amma sikeli ba ya duba niyya.

Wannan kuskuren ne masu bin tsarin awa 16 ke maimaitawa duk shekara. Mutum ya ƙi karyawa, ya wuni yana hamma a ofis ko a shago, ƙarfe biyu ya far wa abinci kamar an sako shi daga kurkuku, da daddare ya tsaya wurin mai shayi a soya masa Indomie biyu da ƙwai uku, a haɗa masa shayi mai kauri da madara da sukari cokali huɗu. Ya kwanta yana ganin ya yi ƙoƙari tunda bai karya ba. Lemon kwalba mai santilita 50 kaɗai yana da sukari sama da giram 50, kalori wajen 200, kuma ba ya tare yunwa ko kaɗan. Wanda ya bar lemo da shayin dare ya ci gaba da karyawa da kokonsa, ina ganin zai riga wancan ganin canji.

Ban da haka, agogon ma yana da nasa cikas a gidajenmu, kuma ban ga masu tallan suna ambatonsa ba. Babban abincinmu na dare ne. Gwajin Guangzhou ya rufe ci da ƙarfe 4 na yamma, lokacin da a gidaje da yawa ko tukunyar tuwo ba a ɗora ba. Magidanci mai mata biyu da ya ce shi ba ya ci bayan la'asar, ya shirya amsa tambaya, domin wadda ke da girki ranar ba za ta yarda cewa likita ne ya hana ba, za ta ce na wance ai yana ci. Baƙo ya je gidan surukai a kawo masa kwano ya ce lokacinsa ya wuce, an samu abin faɗa har shekara. Tsarin da zai sa mutum faɗa da iyalinsa kowane dare ba zai kai wata biyu ba. Don haka ga mafi yawanmu abin da zai yiwu shi ne a jinkirta cin farko zuwa hantsi ko azahar, a ci na dare da iyali da wuri, tsakanin magariba da isha'i, daga nan a rufe baki sai ruwa. Ba shi ne mafi kyau a takarda ba, don akwai alamun cewa jiki ya fi sarrafa sukari da safe fiye da dare. Amma shi ne wanda zai zauna lafiya da ranar girki.

Tsarin kwanaki kuwa ba baƙo ba ne a wurinmu. Litinin da Alhamis, kwana uku na tsakiyar wata, da azumin Annabi Dawud na yau yi gobe hutu, duk mun taso mun tarar da su. Batun haɗa niyyar ibada da ta neman lafiya na malamai ne, na bar musu. Abin da ya ja hankalina shi ne labarin Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi, wanda ya nace yana son ƙarin azumi har Manzon Allah (SAW) ya tsayar da shi a kan na Annabi Dawud, ya ce masa babu wanda ya fi shi. Da tsufa ya zo masa, ya riƙa cewa ina ma ya karɓi sauƙin da aka yi masa tun farko. A 2017 ƙungiyar nan ta Shikago ta gwada irin wannan tsari na yau ƙuntatawa gobe sakewa a kan mutum 100 har shekara guda. Ragin nauyin ya zo kusan ɗaya da na masu ragewa kullum, kashi 6.0 da kashi 5.3, amma kashi 38 cikin ɗari na masu tsallaken rana sun gudu kafin a gama, sama da kashi 29 na ɗaya ɓangaren. Waɗanda suka tsaya ma sun riƙa cin fiye da ƙa'ida a ranar ƙuntatawa. Mai tsanani ya fi daɗin faɗa a majalisa, amma shi aka fi saurin yarwa.

Wani bambanci da ya kamata a riƙe: a duk gwaje-gwajen nan ba a hana kowa ruwa ba. Ana shan ruwa, ana shan shayi ko gahawa ba sukari ba madara, kuma a ranakun ƙuntatawa ana cin ɗan abinci. Wanda zai kame daga ruwa a zafin Afrilu na Sakkwato ko Maiduguri, inda ake haura digiri 40, don kawai ya rage tumbi, ba abin da aka gwada yake yi ba. Kilon da zai gani ya sauka da yamma ruwan jikinsa ne, da safe zai dawo.

Akwai kuma waɗanda wannan magana gaba ɗaya ba tasu ba ce sai da izinin likita. Mai ciwon sukari da ke allurar insulin ko shan ƙwayoyi irin su glibenclamide, idan ya tsallake abinci bai gyara maganin ba, sukarinsa na iya faɗuwa har ya suma, kuma abin takaicin su ne suka fi kowa neman rage ƙiba. Mai juna biyu, mai shayarwa, yaron da bai gama girma ba, mai maganin da dole sai da abinci ake shansa, da wanda gyambon ciki ke tasar masa, duk su dakata. 'Yan mata masu tasowa da suka fara ƙyamar abinci saboda hotunan da suke gani a waya, waɗannan kulawa suke buƙata, kada a miƙa musu agogo ya zama abin fakewa. Dattijai kuma su lura da tsoka: duk wanda ya rage nauyi, ta kowace hanya, yana asarar nama tare da kitse, kuma abin da ke rage asarar shi ne wake, ƙwai, kifi, nono da motsa jiki mai sa tsoka aiki.

Na san wani zai ce a ƙasar da magidanta ke raha da cewa gidansu tsarin 0-1-0 ake yi, wato ci sau ɗaya a rana, wannan zance na masu ƙoshi ne. Da gaskiyarsa ta wani ɓangaren, kuma ba zan ba wanda ke neman na yau shawarar ya rage ba. Amma ƙiba a garuruwanmu ta daina zama ta masu kuɗi kaɗai. Abin da ya fi araha shi ne gari, taliya, mai da sukari, abin da ya yi tsada shi ne nama, kifi da kayan lambu. Ka zauna a layin masu hawan jini da ciwon sukari a kowane babban asibiti ka dubi waɗanda ke wurin, za ka ga matan da ba su taɓa shiga jirgi ba.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda ake sallamar irin waɗannan a ɗakin likita da kalma biyu: "rage cin abinci", wani lokaci a haɗa da takardar da aka kwafo daga wata ƙasa mai lissafa abincin da ko a kasuwar Sabon Gari sai an sha wuya kafin a samu. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da jadawalin sinadaran abincin Afirka ta Yamma tun 2012, ta sabunta shi a 2019, da gero da dawa da wake da kuka a ciki. Aikin da ya rage na masana abincinmu ne a jami'o'in Kano, Zariya, Sakkwato da Yamai: su mayar da giram ya koma ludayi, gwangwani da malmala, a buga a takarda ɗaya da hoto, a manna a bangon asibiti. Kafin a kai ga haka, likitan da ke gaban mai ƙiba ya ɗauki minti biyu ya tambaye shi ƙarfe nawa ake sauke abinci a gidansu, da wa yake ci, me yake sha tsakanin abinci da abinci, sannan su tsayar da lokacin buɗewa da na rufewa tare, a auna ƙugu da tef ɗin tela, a ce masa ya dawo bayan wata uku a sake aunawa.